An Ce Gwamnati Ta Kasa Gurfanar Da Yayana, To Me Ya Hana a Sake Shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Barista. Ya aiki, ya iyali? Allah ya saka da alheri kan wannan fili.

Yayana, wanda nake bi, ya daɗe a Amurka yana tuƙin tasi a unguwar Bronx. Rigima ta haɗa shi da wani mutum, aka yi faɗa, mutumin ya ji mummunan rauni, kotun jihar New York ta ɗaure Yaya shekara 9. Ya ɗaukaka ƙara bai dace ba, babbar kotun jihar ma ta ƙi sauraronsa. Kamar shekara guda bayan haka sai ya ce mana ya shigar da wata ƙarar da hannunsa a kotun tarayya, wai ita habeas corpus, saboda lauyan da gwamnati ta ba shi bai kira mutumin da ya ga yadda faɗan ya fara ba. Muka yi ta addu'a, wata goma shiru.

Makon jiya wani abokinsa ya turo min hoton takardar kotu ta WhatsApp, shafi biyu, da sa hannun alƙali tun wata biyu da suka wuce. A ƙarshenta an rubuta “dismissed without prejudice for failure to prosecute”. Ɗan maƙwabtanmu da ke jami'a ya karanta ya ce ma'anarta an kori shari'ar domin gwamnati ta kasa gurfanar da shi. Barista, Inna sujada ta yi a tsakar gida. Washegari aka soya waina kwano biyu aka raba wa almajirai. Bayan kwana uku Yaya ya bugo waya, ashe shi bai ma san da wata takarda ba. Ya ce wata biyar ke nan da aka ɗauke shi aka mayar wani gidan yarin can kusa da iyakar Kanada, kayansa ma sai da suka yi makonni kafin su iso shi.

Don Allah ka fayyace mana: za a sake shi ko ba za a sake shi ba? Abokin nasa ya ce akwai lauyan da zai shigar da sabuwar ƙara kan dala 6,000, Inna kuma ta ce a sa filinta a kasuwa. Mu sayar?

Ƙanwarka daga Tudun Wada, Zariya.

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Inna ladan wainarta, sadaka ba ta faɗuwa ƙasa banza. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: wannan takarda ba ta sakin Yaya ba ce. Ƙarar da aka kora tasa ce, shi ya shigar da ita, kuma shi kotu ke cewa ya yi watsi da ita. Na riga na faɗa miki haka a waya ranar da wasiƙarki ta iso, domin irin wannan magana ba ta jiran fitowar mujalla. Ina maimaitawa a nan ne saboda ba gidanku kaɗai wannan kalma ta taɓa yaudara ba.

Kada ku ga laifin yaron maƙwabta. A kunnenmu kalmar “prosecute” ta ɗan sanda mai gabatar da ƙara ce da lauyan gwamnati. A bakin kotu kuwa tana da ma'ana ta biyu, wato mutum ya bi ƙararsa har ya ga ƙarshenta. Lauyoyinmu na Kaduna da Kano kullum suna amfani da ita a haka. Ko a kotun unguwa, idan kika kai ƙarar wanda kike bi bashi, aka sa rana ba ki zo ba, aka sake sawa ba ki zo ba, ai alƙali rufe fayil zai yi. Ba zai ce bashin ƙarya ne ba, ba zai ce gaskiya ne ba. Cewa zai yi mai ƙara ta gudu ta bar ladanta.

A shari'ar habeas kujerun juyawa suke yi. Ki sake duba saman takardar: sunan Yaya ne a sama a matsayin mai ƙara, ƙarƙashinsa sunan wani da ba ki sani ba, shi ne shugaban gidan yarin da ke riƙe da shi. Kalmar habeas corpus daga Latin take, umarni ne ga mai tsaron fursuna cewa ya kawo mutumin gaban alƙali ya faɗi hujjar riƙe shi. Ingila ta ƙarfafa ta da doka a 1679, Amurka ta gada ta sa a tsarin mulkinta. Kotun tarayya ba sake shari'ar faɗan za ta yi ba. Abin da za ta duba shi ne ko an tauye wa Yaya wani haƙƙi da tsarin mulkin Amurka ya ba shi, kamar haƙƙin samun lauyan da ya yi aikinsa. A ƙarar tasa ba a ma kai ga wannan tambayar ba.

Bayan na gama karatun lauya a Kongo, Zariya, na yi shekaru a wani ofishin taimakon shari'a a Amurka, inda aikina na farko shi ne buɗe wasiƙun fursunoni da bin kundin shari'o'insu. Na ga yadda irin wannan ƙara ke mutuwa sau ba adadi, kuma mutuwar ba ta da hayaniya. Alƙali ya ba da umarni, misali mai ƙara ya amsa hujjar gwamnati cikin kwana 30. Akawun kotu ya sa a ambulan ya aika gidan yarin da ke rubuce a fayil. Bayan mako biyu ambulan ɗin ya dawo ba a buɗe ba, an ja layi a kan sunan, an buga hatimi cewa ba ya nan. Akawu ya ƙara layi ɗaya a kundi: wasiƙa ta dawo. Sai alƙali ya sake rubuta umarni na gargaɗi, cewa idan mai ƙara bai kawo sabon adireshi ba za a kori ƙararsa. Ina za a aika gargaɗin? Adireshin nan dai na da. Shi ma ya dawo. Layi na ƙarshe shi ne wanda abokin Yaya ya ɗauka miki hoto. Akwai wani dattijo da na rubuta wa wasiƙa ina sanar da shi an kori tasa ƙarar tun wata bakwai, ya amsa min da fensir a bayan takardar sayen kayan kanti ta gidan yari, yana tambaya ko alƙali ya karanta shafi na 14, domin a nan gaskiyarsa take. Ba wanda ya karanta shafi na 14.

Ikon yin haka tsoho ne. Yana cikin ƙa'ida ta 41(b) ta dokokin ƙararrakin da ba na laifi ba a kotunan tarayya, kuma tun 1962 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce alƙali na iya korar ƙara da kansa ko da ɗaya ɓangaren bai nema ba. Shari'ar wani William Link ce da kamfanin jirgin ƙasa na Wabash. Ƙarar ta shekara shida tana jan ƙafa, ranar da aka sa zama lauyan Link ya bugo waya daga Indianapolis ya ce wani aiki ya riƙe shi, alƙali ya jira awa biyu ya kori ƙarar. Kotun Ƙoli ta ce daidai ne. A 1988 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta yammacin ƙasar ta duba batun wani fursuna mai suna Carey da aka sauya wa gidan yari bai sanar ba, ta ce nauyin sanar da adireshi a wuyansa yake, kuma sake aika masa gargaɗi yawo kawai takardar za ta yi a gidan waya ta dawo.

Ni dai wannan hukunci bai taɓa kwanta min ba, kuma ba zan ɓoye ba. Fursuna ba shi ke zaɓar ranar tashinsa ba. Da asuba ake buga masa ƙofa a ce tattara, ba a gaya masa inda za a kai shi saboda tsaro, takardunsa su bi wata motar a buhu. Gwamnatin da ta ɗauke shi ita ce abokiyar shari'arsa, ta fi kowa sanin inda ta ajiye shi. Jihar New York ma tana da shafin intanet da kowa zai shiga ya sa lambar fursuna ya ga inda yake cikin minti guda, kuma akwai alƙalan da ke sa akawunsu ya duba ya aika can. Sai dai alheri ne suke yi, doka ba ta tilasta musu ba. Wata biyar kuma ba kwana biyar ba ne. Gwamnati za ta ce ko da kayansa sun yi wata guda a hanya, me ya hana shi rubuta layi biyu a sauran wata huɗun? Dole Yaya ya tanadi amsar wannan tambaya, ta gaskiya.

Yanzu ga inda nake so ki kasa kunne da kyau, domin a nan filin Inna yake. Kalmomin “without prejudice” na nufin ba a rufe ƙofa ba, yana iya sake shigar da ƙara. Da a ce babu su da abin ya fi muni, don ƙa'idar ta ce korar da ba a fayyace ba ana ɗaukarta kamar an yanke hukunci ne a kan gundarin maganar. To amma ƙofar da aka bari a buɗe, wani lokaci bango ne a bayanta.

A watan Afrilun 1996, shekara guda bayan harin bam na Oklahoma, shugaba Bill Clinton ya sa hannu a wata doka da ta yanka wa fursunan jiha wa'adin shekara 1 tak na kai ƙarar habeas kotun tarayya. Ana fara ƙirga ne daga ranar da hukuncinsa ya tabbata, wato kwana 90 bayan babbar kotun jiha ta sallame shi, idan bai nufi Kotun Ƙoli ba. Mu yi lissafi da abin da kika rubuto. Daga ranar da babbar kotun New York ta ƙi sauraronsa, Yaya na da kimanin wata 15. Ya shigar da ƙara a wata na 12, ya shiga a kan kari, saura masa wata 3. Ƙarar ta yi wata 8 a kotu, an kore ta wata 2 da suka wuce. Kowa zai ɗauka agogon ya tsaya tun ranar da ya miƙa takardarsa. Bai tsaya ba.

Wani fursunan jihar New York ɗin nan, Sherman Walker, ya taɓa cin karo da wannan bango. Ya shigar da tasa a Afrilun 1996, aka kore ta a Yuli da kalmomin nan na “without prejudice” da ke takardarku, ya dawo da sabuwa a Mayun 1997, aka ce ya makara. Ya ce ai watannin da ƙararsa ta farko ta yi a gaban alƙali bai kamata a ƙirga su ba. A 2001 Kotun Ƙoli ta ce a'a: abin da ke tsayar da agogo shi ne ƙorafin da ke gaban kotun jiha, ƙarar da ke zaune a kotun tarayya ba ta tsayar da komai. A lissafinmu ke nan wa'adin Yaya ya ƙare tun ƙararsa na da wata uku a kotu, yau kusan wata bakwai da ƙarewa. Sabuwar ƙara, ko lauyan dala 6,000 ne ya rubuta ta da ruwan zinariya, abu na farko da gwamnati za ta ce shi ne ta makara. Akwai rangwame guda biyu. A 2010 Kotun Ƙoli ta ce ana iya yafe makara ga wanda ya nuna bai yi sanya ba kuma wani abu da ya fi ƙarfinsa ne ya tare shi, a 2013 kuma ta buɗe hanya ga mai sabuwar hujja mai ƙarfi cewa bai aikata laifin ba sam. Sai dai kotuna sun sha cewa sauyin gidan yari abu ne na yau da kullum a rayuwar fursuna, ba ya isa uzuri shi kaɗai.

Saboda haka ba sabuwa ake nema ba, tsohuwar za a tayar. Idan alƙali ya janye korar, ƙarar na komawa da ranar da aka fara shigar da ita, kuma wannan ranar tana cikin wa'adi. Hanya mafi sauƙi ita ce roƙon alƙali ya sake duba hukuncinsa cikin kwana 28, wannan kam ta wuce, kuma ba a ƙara ko yini. Wadda ta rage ita ce ƙa'ida ta 60(b), wadda ta ba alƙali damar warware hukunci saboda kuskure ko sakacin da ke da uzuri. Iyakarta shekara 1 daga ranar korar, amma kada Yaya ya ji shekara ya miƙe ƙafa, domin ƙa'idar ta ce a kawo roƙon cikin lokacin da hankali zai ɗauka, kuma alƙali zai ƙirga kwanakin da suka shige daga ranar da labari ya iso masa. A wannan makon ya kamata ya rubuta.

Abin da zai rubuta ba ya buƙatar Turancin lauyoyi. Ya sa sunan kotun da lambar shari'ar a sama. Ya ba da sabon adireshinsa da lambarsa ta fursuna. Ya jera ranaku: ranar da aka ɗauke shi, gidajen yarin da aka yada zango da shi a hanya, ranar da ya isa, ranar da aka ba shi buhunan takardunsa, ko an taɓa kulle shi shi kaɗai ko ya kwanta asibiti, ranar da ya fara jin an kori ƙarar da kuma bakin wanda ya ji. Idan ya taɓa aika sanarwar sauyin adireshi ta ɓata, ya faɗa. Idan bai aika ba, kada ya ƙirƙira, domin gidan yari na rubuta wasiƙun shari'a da ke shiga, gwamnati kuma za ta iya kawo nata bayanan. Ya nemi kwafin rajistar wasiƙun da aka ba shi ya haɗa, ita ce za ta nuna umarnin kotu bai taɓa isa hannunsa ba. Ba sai ya nemi mai hatimin rantsuwa ba, dokar tarayya ta yarda ya rubuta a ƙasa cewa ya faɗi gaskiya bisa sanin hukuncin rantsuwar ƙarya, ya sa rana ya sa hannu. Sannan ya fito fili ya gaya wa alƙali cewa wa'adin shekara guda ya riga ya cika, don haka wannan kora a aikace ta har abada ce. Kotun ɗaukaka ƙara da ke kula da New York ta daɗe tana cewa korar ƙara saboda rashin bibiya hukunci ne mai tsanani, musamman ga wanda ba shi da lauya, kuma sai alƙali ya auna tsawon shirun, da ko gargaɗi ya isa, da ko gwamnati ta cutu da jinkirin, da ko akwai horon da bai kai kora ba. Abu guda da zai kiyaye: kada ya cusa sabbin ƙorafe-ƙorafe kan ɗaurin nasa a cikin wannan roƙo. A 2005 Kotun Ƙoli ta ce roƙon da ya yi haka za a ɗauke shi a matsayin ƙara ta biyu, ita kuma tana da nata shingen.

Ya rubuta ranar da ya miƙa wa gandirobobi ambulan ɗin. Tun 1988 doka ta ce takardar fursuna ta shiga kotu ne ranar da ya danƙa ta ga hukumar gidan yari don aikawa, ba ranar da ta isa teburin akawu ba.

A cikin ambulan ɗin ya sa roƙo na biyu, na a sake buɗe masa lokacin ɗaukaka ƙara. Asalin wa'adin kwana 30 ne kuma ya wuce, amma wanda sanarwar hukunci ba ta isa gare shi ba yana iya neman a buɗe, muddin ya nema cikin kwana 180 daga ranar hukuncin, ko kwana 14 daga ranar da sanarwar ta same shi, duk wanda ya riga cika. Idan an buɗe, kwana 14 ne. Ina nanata wannan lamba saboda Keith Bowles, wani fursuna a jihar Ohio. Alƙali ya buɗe masa, amma ya yi kuskure ya rubuta ranar da ta ba shi kwana 17. Lauyansa ya shigar a rana ta 16, yana bin abin da alƙali ya rubuta. A 2007 Kotun Ƙoli, alƙalai 5 a kan 4, ta ce ya makara, kuskuren alƙali bai ƙara masa ko awa ɗaya ba. Irin kotunan da muke magana a kansu ke nan.

Ba kullum ake rasawa ba. Cory Maples, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a Alabama, lauyoyinsa biyu sun bar babban kamfaninsu na New York ba su gaya wa kowa ba, hukuncin kotu ya je ɗakin wasiƙun kamfanin aka mayar da shi ba a buɗe ba, wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce shi yana zaune. A 2012 Kotun Ƙoli ta ce ba za a ɗora masa laifin waɗanda suka gudu suka bar shi ba. Bambancin shi ne Maples yana da lauyoyin da zai nuna da yatsa. Yaya shi ne lauyan kansa.

Ku kuma daga Zariya, ga naku. Ba za ki iya sa hannu a madadinsa ba, abokin nasa ma haka. Amma abokin na iya buɗe asusu a PACER, rumbun kundin kotunan tarayya a intanet, ya ciro jerin duk abin da ya faru a shari'ar. Santi 10 ne shafi, kuma ba a cajin wanda bai wuce dala 30 a wata uku ba. Ya buga a takarda ya aika wa Yaya, domin a nan zai ga wane umarni ne bai amsa ba da ranar da kowace wasiƙa ta dawo. A sa masa 'yan kuɗi a asusunsa na gidan yari don kan sarki da kwafi. Ki rubuta wa ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke New York, yarjejeniyar Vienna ta 1963 ta ba su damar ziyartar ɗan ƙasarsu da ke tsare. Kuma daga yau, duk wata shida wani ya leƙa kundin nan, ko da Yaya bai ce komai ba. Na ce wata shida? Duk wata.

Filin Inna kuwa, ni ban ba da shawarar a sayar ba. Kuɗin shigar da habeas dala 5 ne, roƙon tayar da tsohuwar kuma ba a biyan komai. Idan za ku ɗauki lauya, ku fara duba sunansa a rajistar lauyoyin jihar New York da ke intanet, sannan ku yi masa tambaya ɗaya: yaya za ka yi da wa'adin shekara guda? Wanda ya yi inda-inda, ku riƙe kuɗinku. Ko an tayar da ƙarar ma, tudun na gaba. Wani bincike da Farfesa Nancy King ta jami'ar Vanderbilt da abokan aikinta suka fitar a 2007 ya bi ƙararraki 2,384 na fursunonin jiha waɗanda ba hukuncin kisa ke kansu ba, 7 kacal suka yi nasara. Idan akwai inda kuɗin lauya zai fi amfani, to a kotun jihar ne. Dokar New York, sashe na 440.10, ta ba fursuna damar komawa kotun da ta ɗaure shi ya nemi a soke hukuncin saboda gazawar lauyansa, kuma wannan ba ta da wa'adi. Ba za ta farfaɗo da agogon tarayya da ya riga ya cika ba, amma maganar shaidan da ba a kira ba can ne gidanta. A nemo mutumin tun yana da rai kuma yana tuna abin da ya gani, ya rubuta ya rantse. Idan kuma Yaya bai karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba, ku shirya wa Inna zuciya a hankali: laifin duka mai ɗaurin shekara guda ko fiye yakan kai ga hukumar shige da fice ta karɓi mutum a bakin ƙofar gidan yari ta maido shi gida.

TAMBAYA

Barista, barka da aiki. Ɗana ne hukumar shige da fice ta Amurka ke tsare da shi, ba laifi ya yi ba, takardunsa ne suka ƙare. Alƙalinsu ya ce a maido shi, yau wata tara ba a maido shi ba, ba a sake shi ba. Ya shigar da irin wannan ƙara ta habeas, sai kuma aka ɗauke shi zuwa wata jihar. Ƙarar ta lalace ke nan?

Wani uba daga Sabon Zongo, Kumasi.

AMSA

Baba, Allah ya kawo mafita. Ba ta lalace ba. Ana shigar da irin wannan ƙara ne a kotun tarayyar yankin da ake tsare da mutum ranar da ya shigar, kuma idan ya yi hakan daidai, ɗauke shi daga baya ba ya ƙwace shari'ar daga hannun wannan kotu. Haka Kotun Ƙoli ta yanke tun 1944 a shari'ar Mitsuye Endo, 'yar asalin Japan da aka tsare lokacin yaƙin duniya na biyu, aka ɗauke ta daga Kalifoniya zuwa Utah ƙararta na gaban alƙali.

Nasa ya fi na yayan ƙanwarmu ta sama sauƙi ta fuska ɗaya: wa'adin shekara guda bai shafi wanda hukumar shige da fice ke tsare da shi ba, ko an kori ƙarar yana iya sake shigarwa a inda yake yanzu. Hujjarsa ma tana da tushe, domin a 2001, a shari'ar Zadvydas, Kotun Ƙoli ta ce bayan wata 6 da umarnin korar mutum daga ƙasa, idan ya nuna babu alamar za a iya fitar da shi nan kusa, sai gwamnati ta kawo hujjar ci gaba da riƙe shi. Amma sake shigarwa na nufin komawa ƙarshen layi yana zaune a tsare. In ya bugo waya, Baba, kafin gaisuwa ta yi nisa ka tambaye shi ko ya rubuta wa akawun waccan kotun sabon adireshinsa, da lambar shari'ar a saman takardar. In bai yi ba, ya yi a daren, ya aika kwafi ga lauyan gwamnatin da ke shari'ar, ya ajiye ɗaya a jikinsa, ba a cikin kayan da za su bi wata mota ba.